Kadangare A Baranda Ta Biyu

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun da sassafe cewa na bar bawan Allah tsaye a gindin ƙarfe, na ji ku. Wadda ta ce in na gaji in miƙo mata wayar ta ƙarasa labarin da kanta, na gode da tayin. Ga shi dai.

*

Ƙarfen sabis ɗin bai rage tsawo ba.

Kadangare ya ɗaga kai ya duba da kyau, ko Allah zai sa an ɗan datse masa wani abu a watannin da bai zo ba. Ba a datse ba. Tsanin yana nan a tsakiya. Baranda ta farko, baranda ta biyu, sai can ƙololuwa jar fitilar da kamfani ke so ya taɓa da hannunsa kafin a yarda cewa har yanzu shi mahayin ƙarfe ne.

Sau biyu yana zuwa gwajin nan. Sau biyu yana maƙalewa a baranda ta biyu, sai an hau an sauko da shi kamar shanyar da aka manta a igiya. A ƙa'idar kamfani, daga na uku babu wani. Wanda ya rubuta ƙa'idar bai taɓa hawa ko kan tebur ba, amma ƙa'ida ce.

"Malam Kadangare," in ji Injiniya, matar da ke kula da gwajin. "Ka san tsarin. Ka hau, ka taɓa fitila. Kafin ka juyo, Baba Direba ya ja buhu da inji zuwa baranda ta farko. Ka sauko, ka ɗaure shi a jikinka, ka kawo min shi ƙasa kamar abokin aikinka ne ya suma. Akwai tambaya?"

"Babu, ranki ya daɗe."

Buhun yana jingine da ɗakin janareto. Yashi ne aka ɗura, aka yi masa hannu da ƙafa, aka sa masa wani tsohon bel da mutane suka daina hawa da shi. Ma'aikata suna kiransa Manaja, saboda nauyi gare shi kuma ba ya taɓuka komai.

"Ka karya kuwa?" Baba Direba ya tambaya yana warware igiyar inji.

"Na sha shayi."

"Shayin ne yake kaɗa maka gwiwa haka?"

"Sanyi ne, Baba."

Baba Direba ya dubi rana, ya share gumin goshinsa, ya ci gaba da aikinsa.

Ba wai Kadangare bai yi ƙoƙari ba. Tun bayan gwaji na biyu, kullum kafin ya tafi shagon surukinsa inda yake sayar da cazar waya, sai ya hau tsanin tankin ruwan bayan gidansu. Ranar farko bai kai rabi ba ya sauko ya yi amai. Maƙwabta suka fara fito da kujeru. Daga tanki ya koma benen da ake ginawa a ƙarshen layi, ya roƙi magina su bar shi ya riƙa kai musu bulo hawan sama kyauta. Suka amince da sauri. Ba su taɓa ganin mahaukaci mai amfani irinsa ba.

Da safen nan matarsa ta goge masa rigar aiki, ta miƙa masa ba ta dubi fuskarsa ba.

"In ka ga ba za ka iya ba, ka sauko," ta ce. "Caza ma sana'a ce."

"Kin gaji da ni ke nan."

"Na gaji da ihun da kake yi cikin barci, yara suna tambayata wa ya faɗo. Ko dai ka hau ka gama da ƙarfen nan, ko ka bar shi ya bar mu."

Yanzu ga shi yana zura ƙafa cikin bel.

A aikinsu ba wanda ke duba bel ɗin kansa. Abokin hawanka ne zai ja maɗaurin cinya, ya ja na ƙirji, ya gwada ƙugiyoyinka biyu, sannan ya ƙwanƙwasa hular kwanonka ya ce, "Na ɗauka." Daga nan ranka yana wuyansa har ka sauko. Ba kamfani ne ya kawo wannan ba. Su suka ƙirƙiro abinsu, shi ya sa ba a karya shi.

Ranar da abokin hawansa Aku ya faɗo daga baranda ta biyu ya sauka a rufin ɗakin janareto, Kadangare ne ya ƙwanƙwasa masa hula. Masu agaji suka yayyanka bel ɗin da almakashi, don haka masu bincike suka faɗi abin da ya fi sauƙin faɗa: ba a duba maɗauri da kyau ba. Shi kuwa ya juya safiyar nan a kansa har ta koɗe. Ya tuna suna dariya. Ya tuna ƙwanƙwasawar. Jan maɗaurin ƙirji ne ya kasa tunawa.

"Matso in duba ka," in ji Injiniya.

"A'a, ranki ya daɗe. Wannan nawa ne."

Daga bakin get muryar ta fito. Kadangare bai juya ba, ya san ta. Ya ji tayoyi suna murƙushe tsakuwa a hankali har suka tsaya a bayansa.

Aku ne a keken guragu. Ya rame, kafaɗunsa sun yi faɗi, ƙafafunsa sun zama kamar na wani aka ara masa. Bakin ne dai bai rame ba.

"Kai, Kadangare! Ka ga motata? Ba mai, ba lasisi, ba ɗan sandan da ya taɓa tsayar da ni."

"Aku... ya jiki?"

"Wane jikin? Wanda ka zo dubawa sau ɗaya ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai kawo takardar wuta? Rabinsa lafiya lau. Ɗaya rabin ya yi ritaya."

"Wa ya gaya maka yau ne?"

Baba Direba ya gano wani abu mai muhimmanci a tayar motarsa, ya sunkuya yana dubawa.

"Malam Aku," in ji Injiniya, "ba a shigo da baƙi wurin gwaji."

"Baƙo? Ranki ya daɗe, ga shaidar bayana can a rufin ɗakin janareto. Har yau ba ku gyara ba."

Duk suka duba, har Kadangare da ya yi rantsuwa ba zai duba ba. Kwanon yana nan a lotse, tsatsa ta fara bin gefen lotsawar.

Injiniya ta ja numfashi.

"Yi sauri."

Aku ya matso da keken. Ya ja maɗaurin cinya na dama, ya ja na hagu. Ya fizgi na ƙirji har Kadangare ya yi tari. Ya buɗe ƙugiyoyin ya saki, kowace ta ce ƙas.

"Durƙusa, ba na kaiwa."

Kadangare ya durƙusa a kan tsakuwa. Ƙwas, ƙwas, a hular kwano.

"Na ɗauka."

"Aku, bai kamata a ce kai ne..."

"Tashi ka ba ni wuri. Baba, miƙo min oba-oba ɗaya, rediyon maganar nan, in riƙa yi masa waƙa."

*

Maƙala ƙugiya. Taka. Maƙala ɗayar. Cire ta ƙasa. Taka.

Dokar ɗaya ce, ko wanda ya fara aiki jiya ya san ta: ko yaushe ƙugiya ɗaya tana jikin ƙarfe. Kadangare ya riƙa karanta ta a zuci kamar addu'a. Bai dubi ƙasa ba, bai dubi sama ba. Ƙarfen da ke gaban hancinsa kawai yake kallo, da fentin da ya ɓaɓɓare.

Baranda ta farko ta zo ta wuce.

"Madalla," in ji oba-obar da ke ƙirjinsa. "Da wannan saurin, kafin yaranka su yi aure ka kai."

Daga nan iska ta canza. A ƙasa ba a jin ta. A sama tana da hannu, tana taɓa mutum a baya kamar mai son wucewa. Ƙarfen ya fara ɗan lilon nan da ake cewa lafiyarsa ke nan. Kadangare bai taɓa yarda da wannan bayanin ba.

Baranda ta biyu.

A nan wani ƙaton farantin sadarwa ya tare tsani. Ba yadda za ka wuce sai ka fita waje ka zagaya shi, bayanka yana kallon sarari, kana matsar da ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.

Ya sa ƙafa ɗaya a waje.

Sai idonsa ya zame ƙasa da kansa, ya faɗa daidai kan lotsawar nan. Daga nan sama ƙarama ce, kamar sawun babban yatsa a jikin burodi.

Hannunsa ya rufe a kan ƙarfe. Ya ji zuciyarsa a kunne, a wuya, a cikin safar hannu. Ya ce wa yatsunsa su buɗe, suka yi kamar ba da su ake ba.

"Kadangare," in ji Aku. "Gidan haya ka samu a nan?"

"Ba zan iya ba."

"Ban ji ba."

"Na ce hannuna ya ƙi buɗewa."

Muryar Injiniya ta shigo, a natse.

"Malam Kadangare, numfasa. In ba ka motsa ba, dole in kira a sauko da kai. Ka san abin da hakan yake nufi."

Ya sani. Caza, da kebul, da surukin da ke ce masa "Injiniya" a gaban masu saye don a yi dariya.

"Aku, ina ganin rufin daga nan."

"To daina kallonsa, ai ba naka ba ne."

"Ban ja maɗaurin ƙirjinka ba ran nan. Ina jin ban ja ba. Kana ba ni labari ina ta dariya, na ƙwanƙwasa maka hula kawai..."

"Ka ja."

"Ba ka sani ba."

"Ka ja har na zage ka, na ce haƙarƙarina ba na gidanku ba ne."

"Kana faɗa ne don in hau."

Oba-obar ta yi shiru.

Duk shekarun da suka yi suna hawa tare, Kadangare bai taɓa jin Aku ya yi shiru ba, ko da abinci a bakinsa. Shirun ya fi iskar ba shi tsoro.

"Ranki ya daɗe," in ji Aku daga baya, "oba-obarki a kunne take?"

"A kunne take."

"To shi ke nan. Kadangare, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Bel ɗina bai kwance ba. Ni na cire ƙugiyoyin. Duka biyun."

"Me ka ce?"

"Tsallaken tsofaffin hannu. Kar ka yi kamar ba ka san shi ba."

Ya san shi. Duk wanda ya daɗe a aikin ya san shi. In ba mai kallo, maimakon ka tsaya matsar da ƙugiya kamar ɗan koyo, sai ka cire duka, ka zagaye farantin da hannu cikin numfashi ɗaya, ka maƙala a ɗaya gefen. Ba wanda ke koyar da shi, ba wanda ke yarda yana yi.

"Kana sama kana ɗaure waya," in ji Aku. "Na ce kafin ka waigo na iso in ja maka ƙafa ka tsorata. Akwai raɓa a ƙarfen. Shi ke nan labarin."

"Ƙarya kake."

"Da ma ƙarya ce."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da na farfaɗo an riga an gama magana. Aka raɗa min cewa in laifina ne, kamfani zai janye hannu daga asibiti. Ina kwance ba na jin ƙafafuna, matata tana kuka a gefen gado. Na ce gobe zan faɗa. Goben ce ta yi ta haihuwa."

Kadangare ya jingina hular kwanonsa da ƙarfe. Idonsa ya yi zafi.

"A makaranta an ce wa 'yata ubanta ne ya karya abokinsa."

"Na ji."

"Na daina bin layinku. Ina zagayawa ta bayan kasuwa don kar in haɗu da matarka."

"Ta gan ka. Ta ce ka rame."

"Ɗan banza."

"Na'am."

"Ɗan banza mara mutunci!"

"Duk na amsa. Ka ƙarasa sauran in ka sauko, ina nan, ba inda zan gudu. Amma fitila tukuna."

Sai a lokacin Kadangare ya tuna ba su biyu ba ne a layin. Abin da Aku ya faɗa ya shiga kunnen kamfani. Asibitin, da maganin, da masu gasa masa baya, duk ya ajiye su a kan tsakuwa.

"Ranki ya daɗe..." ya fara.

"Oba-obar nan tun safe take shaƙewa," in ji Injiniya. "Tun daga gidan haya ban ƙara jin komai ba. In na canza batir za mu zauna mu uku mu ga abin da ya kamata in ji. Yanzu dai ina da mutum a baranda ta biyu, kuma haƙurina ya kusa ƙarewa."

Tsoron bai tafi ba. Masu cewa in gaskiya ta fito zuciya takan yi sanyi, a ƙasa suke faɗa, a kan kujera. Tsoron yana nan daram. Sai dai fushi ya zo ya zauna kusa da shi, kuma fushi ya fi shi iya buɗe yatsu.

Ɗan yatsa ɗaya. Na biyu. Hannun ya saki.

Ya cire ƙugiyar dama ya miƙa ta gaba. Ƙas. Ya fitar da ɗaya ƙafar. Yanzu babu komai a bayansa sai iska. Ya cire ta hagu, ya matsar. Ƙas. Farantin yana gogar ƙirjinsa, yana jin ɗuminsa ta cikin riga.

A tsakiyar zagayen takalminsa ya zame.

Duniya ta juya. Bel ya fizge shi a cinya da ƙirji, hularsa ta daki ƙarfe. Ya ji wani sauti ya fita daga bakinsa wanda ba zai so yaransa su ji ba.

Yana rataye. Ƙugiyar tana riƙe.

Ya lalubo ƙarfe da ƙafa, ya ja jikinsa, ya matsar da ƙugiya. Ya sake matsarwa. Sai ga tsani a gabansa, ɗaya gefen farantin, inda rabonsa da shi tun ranar da Aku ya faɗo.

"Ya wuce!" Ya ji ihun Baba Direba ba ta oba-oba ba, daga ƙasa can, siriri.

"Ci gaba a haka," in ji Injiniya. "Ofis suna kirana, bari in fita bakin get in amsa. Baba, tayar da inji ka kai Manaja."

Maƙala. Taka. Cire. Maƙala.

Ya ji injin jan kaya ya tashi a ƙasa, ya yi gurnani, ya yi shiru. Aku bai ce komai ba. Kadangare ya ce a ransa kunya ce ta kama shi, kuma ya kyauta da ta kama shi. Ya ci gaba da hawa yana shirya zagin da zai yi, yana jera su daga ƙanana zuwa manya.

Ƙarfen ya tsuke. Lilon ya ƙaru. Sai kansa ya bugi wani abu.

Fitilar ce.

Abin da ya hana shi barci, ya sa shi dakon bulo kyauta, ga shi nan: gilashi ja, mai ƙura, tsuntsaye sun yi masa abin da suka saba. Ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Na taɓa," ya ce. Muryarsa ta fashe. "Ranki ya daɗe, na taɓa."

"Na gani daga nan. Barka, Malam Kadan..."

Ta katse.

"Innalillahi. Baba Direba! Me ka yi?"

"Ranki ya daɗe, cewa ya yi ke kika ce..."

"Ni na ce me? Sauke shi! Sauke shi yanzu!"

"Ba zai sauku ba. Ya kwance igiyar injin, ya maƙala kansa a ƙarfe."

Kadangare ya riƙe tsani da hannu biyu, ya dubi ƙasa.

Manaja yana nan jingine da ɗakin janareto, inda yake tun safe. Babu bel a jikinsa.

Kusa da shi keken guragu ne.

Ba kowa a kai.

A ƙarƙashin baranda ta farko mutum ne rataye, iska tana juya shi a hankali, ƙafafunsa suna lilo yadda suka ga dama.

Oba-obar ta yi ƙara. Numfashi ne ya fara zuwa, sama-sama, kafin muryar. Babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Kadangare."

"Aku, ka haukace ne? Ka haukace?"

"Buhu ba ya tsoro, ba zai koya maka komai ba. Saurara. Bel ɗin Manaja ne a jikina, kuma ba wanda ya duba min shi. Akwai wani ɗinki a kafaɗar hagu da nake jin yana buɗewa."

"Kar ka motsa. Kar ka yi magana ma."

"Wannan kam ka san ba zan iya ba." Ya ja numfashi. "Zo ka ɗauka, mutumina."

Tsakaninsu akwai tsani, akwai iska, akwai farantin baranda ta biyu da sai an sake zagaya shi.

Kadangare ya cire ƙugiya ta farko, ya maƙala ta a ƙasa. Ƙas.

A cikin oba-oba, wani abu ya ce ɓarrr.